Jemis Kilak Makswel (1831–1879): Malamin da Ya Raɗa wa Fagen Lantarki Haruffa

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya buɗe littafin kimiyyar fiziks ya kai babin lantarki, zai ci karo da haruffa irin su E da B da D da H, tare da wata alama mai kama da alwatika da aka kifar. Ɗalibai da dama sukan haddace waɗannan alamomi domin jarrabawa ba tare da sun san abin da suke faɗa ba, har su ɗauka cewa fannin ya fi ƙarfin hankalinsu. Alhali kuwa kowace alama a cikinsu kalma ce da aka taƙaita, kuma akwai mutumin da ya zauna ya zaɓe ta bisa dalili. A wannan babi za a kawo tarihin Jemis Kilak Makswel, masanin da akasarin waɗannan haruffa suka fito daga alƙalaminsa. Za a dubi asalinsa da karatunsa da ayyukansa, sannan a yi bayanin yadda ake karanta alamomin da ya bari.

2.0 Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Makswel ranar 13 ga Yuni, 1831, a birnin Edinbara na ƙasar Sikotilan. Mahaifinsa, Jon Kilak Makswel, lauya ne mai rufin asiri, kuma yana da gandu a wani ƙauye da ake kira Gilenleya a kudu maso yammacin ƙasar. A can yaron ya tashi, cikin gonaki da ƙoramu, da yawan tambaya a kan yadda kowane abu yake aiki, tun daga makullin ƙofa har zuwa wayoyin ƙararrawar gida. Mahaifiyarsa, Faransis Ke, ita ce malamarsa ta farko. Ta rasu a shekarar 1839 sakamakon ciwon daji na ciki, lokacin yana da shekara 8 da haihuwa.

Bayan rasuwarta aka ɗauko masa wani matashi ɗan shekara 16 domin ya koyar da shi a gida. Wannan matashi ya ɗauki yaron a matsayin daƙiƙi, ya kuma riƙa tsananta masa, har dangi suka lura aka sallame shi a shekarar 1841. A wannan shekarar aka kai Makswel makarantar Akadamiya ta Edinbara. Ya isa da takalma da riga ɗinkin gida da karin harshen ƙauye, saboda haka yaran birni suka laƙaba masa wani suna mai ma'anar dolo. Bai fara yin fice a aji ba sai bayan wasu shekaru, sa'ad da aka fara koya musu lissafin siffofi. Yana ɗan shekara 14, a 1846, ya rubuta takardarsa ta farko a kan hanyar zana siffofi masu kama da ƙwai ta amfani da zare da allurai. Farfesa Jemis Fobs ne ya karanta ta a madadinsa gaban Ƙungiyar Masana ta Edinbara, domin an ga shekarunsa sun yi kaɗan ya tsaya gaban dattawa. A wannan makaranta kuma ya ƙulla abota da Pita Tet, wanda daga baya ya zama farfesa, ya kuma taka rawa a tarihin alamomin da za a ambata nan gaba.

3.0 Neman Iliminsa

Makswel ya shiga Jami'ar Edinbara a 1847, sannan ya wuce Jami'ar Kambirij ta Ingila a 1850. Ya kammala a 1854, inda ya zo na biyu a babbar jarrabawar lissafi ta jami'ar, ya kuma yi kunnen doki da wanda ya zo na ɗaya a gasar da ta biyo baya. Da ya sami sararin zaɓar abin da zai yi bincike a kai, sai ya karkata ga rubuce-rubucen Maikel Faradai.

Faradai ɗan maƙeri ne wanda ya fara rayuwa a matsayin yaron mai ɗinkin littattafai a Landan, kuma bai sami ilimin lissafi mai zurfi ba. Duk da haka, a watan Agusta na 1831, wato 'yan makonni bayan haihuwar Makswel, ya gano cewa canjin maganaɗisu a kusa da waya yana haifar da gudanar lantarki a cikinta. A kan wannan ganowa aka gina injinan samar da wuta da ake amfani da su har yau. Domin ya bayyana abin da yake gani, Faradai ya riƙa siffanta sararin da ke kewaye da maganaɗisu ko caji da cewa cike yake da layukan ƙarfi, irin waɗanda garin ƙarfe yake nunawa idan aka barbaɗa shi a kan takarda aka sa maganaɗisu a ƙarƙashinta. Wannan sarari mai tasiri shi ne abin da za a kira fage a wannan babi.

Masana lissafi na wancan zamani ba su ɗauki layukan Faradai da muhimmanci ba. Sun fi gamsuwa da dokar da Bafaranshe Shal Kulom ya fitar a 1785, wadda ta auna ƙarfin da ke tsakanin caji biyu gwargwadon nisansu, ba tare da ta ce komai a kan abin da ke faruwa a tsakiyarsu ba. Makswel ya ga cewa tunanin Faradai lissafi ne tsantsa, abin da ya rasa kawai shi ne rubutu. A shekarun 1855 da 1856 ya gabatar da takarda a kan layukan ƙarfi na Faradai, inda ya kwatanta su da gudanar ruwa a cikin bututu. A 1857 Faradai ya rubuta masa wasiƙa yana tambaya ko masanin lissafi ba zai iya mayar da sakamakon bincikensa cikin maganar yau da kullum ba, domin masu gwaji irinsa su amfana. Wannan tambaya ta tsohon masani ita ce har yau take gaban duk malamin da zai koyar da wannan fanni.

4.0 Aikin Koyarwa da Gano Asalin Haske

Mahaifin Makswel ya rasu a watan Afrilu na 1856, kuma a shekarar aka naɗa shi farfesa a Kwalejin Marishal da ke Abadin yana da shekara 25. A can ya nuna ta hanyar lissafi cewa zobban da ke kewaye da duniyar Zuhalu ba dunƙulallu ba ne, tarin ƙananan gutsattsari ne masu zagayawa, abin da hotunan kumbon Voyager suka nuna a 1980 da 1981. A 1858 ya auri Katarin Duwa, 'yar shugaban kwalejin, wadda ta riƙa taimaka masa a gwaje-gwajensa. Da aka haɗe kwalejin da wata a 1860 sai ya rasa kujerarsa, ya kuma kwanta cutar agana har ta kusa halaka shi. Bayan ya warke ya sami aiki a Kwalejin Sarki ta Landan, inda ya zauna daga 1860 zuwa 1865. Ban da darussan rana, yakan koyar da leburori da masu sana'a da daddare. A 1861 kuma ya nuna hoto mai launi wanda aka haɗa daga ja da kore da shuɗi.

A shekarun 1861 da 1862 ya fitar da takarda ta biyu a kan layukan ƙarfi. A nan ya kawo wani ƙari da ba wanda ya riga shi: kamar yadda canjin fagen maganaɗisu yake haifar da fagen lantarki, haka canjin fagen lantarki yake haifar da fagen maganaɗisu. Idan haka ne, to fagagen biyu za su iya riƙa haifar da juna suna tafiya cikin sarari kamar igiyar ruwa. Da ya ɗauko alƙaluman da Jamusawa biyu, Weba da Kolraush, suka auna a ɗakin gwaji, sai lissafi ya ba shi gudun wannan igiya kilomita 310,740 a daƙiƙa. Gudun haske kuwa, kamar yadda Bafaranshe Fizo ya auna, kilomita 314,858 ne a daƙiƙa. Kusancin alƙaluman biyu ya sa Makswel ya yanke hukuncin cewa haske kansa igiya ce ta lantarki da maganaɗisu. A takardarsa ta 1865 ya tsara wannan ra'i cikin jimlolin daidaito guda 20, wato jimlolin lissafi masu nuna cewa abin da ke hagu daidai yake da na dama.

5.0 Haruffa da Alamomin Makswel

5.1 Dalilin yawan jimloli

Akwai adadi iri biyu a kimiyya. Na farko girma kawai gare shi, kamar zafin jiki ko yawan caji, kuma lamba ɗaya ta isa ta bayyana shi. Na biyu yana da girma da alƙibla, kamar iska, wadda ba a gama bayaninta sai an faɗi ƙarfinta da inda ta nufa. Fagen lantarki yana cikin kashi na biyu. Domin a bayyana alƙibla a sarari ana bukatar lambobi uku: na gaba da baya, na dama da hagu, da na sama da ƙasa. Saboda haka a takardar 1865 Makswel ya ba kowane adadi mai alƙibla haruffa uku. Fagen lantarki ya zama P, Q, R, ƙarfin maganaɗisu ya zama α, β, γ na Girkanci, gudanar lantarki kuma p, q, r. Kowace doka sai an rubuta ta sau uku, mai karatu kuma yana fama da tarin haruffa har ma'anar ta ɓace masa.

5.2 Harafi ɗaya ga adadi ɗaya

A 1865 Makswel ya ajiye aiki ya koma Gilenleya, inda ya shafe shekaru yana rubuta babban littafinsa a kan lantarki da maganaɗisu, wanda ya fito cikin juzu'i biyu a 1873. A cikinsa ya gabatar da wata hanya ta taƙaitawa: ya ba kowane adadi mai alƙibla harafi guda, ya kuma rubuta shi da manyan baƙaƙen Jamusanci domin a bambanta shi da adadi marar alƙibla. Ya bi jerin abacada. Daga cikinsu B ya tsaya wa fagen maganaɗisu, C jimillar gudanar lantarki, D gocewar lantarki a cikin abu, E fagen lantarki, F ƙarfi, G gudun abu, H kuma ƙarfin maganaɗisu. Wannan ya amsa tambayar da ɗalibai kan yi ta dalilin da ya sa ake rubuta fagen maganaɗisu da B alhali sunansa ba da wannan harafi ya fara ba. Har yau ana amfani da A da B da D da E da H a ma'anonin da ya ba su, amma J ya maye gurbin C. Baƙaƙen Jamusanci kuwa an bar su, yanzu akan kaurara harafin a ɗab'i, ko a ɗora masa 'yar kibiya idan ana rubutu a allo.

Har ila yau, Makswel ya yaɗa al'adar rubuta L da M da T domin tsawo da nauyi da lokaci, ta yadda za a iya bincika ko ɓangarorin jimla biyu iri ɗaya suke aunawa.

5.3 Alwatikar da aka kifar

Alamar ∇ ta samo asali ne daga aikin Wiliyam Hamilton, masanin lissafi na ƙasar Ailan, kuma Tet ne ya yaɗa ta. Wani mataimakin Tet, Robatson Simit, ya ba da shawarar a kira ta nabla, sunan Girkanci na wani abin kiɗa mai tsirkiya na mutanen da, wanda siffarsa ta yi kama da ita. Makswel da Tet sun daɗe suna musayar wasiƙu a kan alamar da sunayen da suka dace da ayyukanta. Aikinta shi ne tambayar yadda adadi yake canzawa daga wuri zuwa wuri. Makswel ya lura cewa idan aka ɗora ta a kan fage takan ba da amsa iri biyu, ya kuma raɗa wa kowace suna daga kalmomin yau da kullum. Ɗaya tana auna yadda layukan fage suke taruwa a wuri, ɗayar kuma tana auna yadda suke murɗawa suna kewaya wurin. Sunan da ya ba ta biyun shi ake amfani da shi har yau. Ta farkon kuwa daga baya aka juya ta, aka koma auna watsuwa maimakon taruwa.

6.0 Yadda Ake Karanta Jimlolin

Ga misalai uku a siffar da littattafan yau suke rubuta su. Ya kamata malami ya iya mayar da kowace zuwa cikakkiyar jimlar Hausa.

Na farko shi ne E = F/q. Harafin q caji ne, F ƙarfin da cajin yake ji, E kuma fagen lantarki. Jimlar tana cewa fagen lantarki a wani wuri shi ne ƙarfin da kowane awo ɗaya na caji zai ji idan aka ajiye shi a wurin. Idan caji mai kulom 2 ya ji ƙarfin niyuton 10, to fagen niyuton 5 ne a kan kowane kulom. Alƙiblar E ita ce inda za a tura caji mai alamar tarawa.

Na biyu shi ne ∇·E = ρ/ε₀. Ɗigon da ke bayan nabla yana nufin watsuwa. Harafin Girkanci ρ, wanda ake kira ro, yana nuna cunkoson caji a wuri, ε₀ kuma lamba ce tabbatacciya ta sararin da babu komai a cikinsa, ɗan sifirin da ke gindinta shi yake nuna haka. Jimlar tana cewa layukan fagen lantarki daga caji suke ɓuɓɓugowa, kamar ruwa daga idon rijiya, kuma yawan watsuwarsu gwargwadon yawan cajin ne.

Na uku shi ne ∇×E = −∂B/∂t. Giciyen da ke bayan nabla yana nufin murɗawa. Alamar ∂ tana nuna canji ta fuska ɗaya kawai, a nan ta fuskar lokaci, wato t. Jimlar tana cewa duk inda fagen maganaɗisu yake canzawa, fagen lantarki zai kewaye wurin. Alamar ɗebewa kuwa tana nuna cewa lantarkin da aka haifar yana adawa da canjin da ya haife shi. Wannan shi ne abin da Faradai ya gano a 1831, an taƙaita shi cikin layi guda.

A lura cewa bambancin misali na biyu da na uku ya fara ne daga ɗigo da giciye. Ɗalibin Hausa ya san irin wannan, domin lanƙwasa guda ce ta raba baki da baƙi, ko kafa da ƙafa. Malamin da ya yi sakaci da ƙaramar alama a allo ya canza ma'anar jimlar gaba ɗaya.

7.0 Ƙarshen Rayuwarsa

A 1871 Jami'ar Kambirij ta kira Makswel ya zama farfesa na farko mai kula da sabon ɗakin gwaji na Kabendish, wanda aka buɗe a 1874. Shi ya tsara ginin da kayan aikinsa. Ya kuma ɓata shekaru yana tace takardun lantarki da Henri Kabendish ya bari ba a buga ba, suka fito a 1879. Waɗanda suka zauna ajinsa sun shaide shi da haƙuri da barkwanci da son taimakon ɗalibi, amma laccarsa takan yi wa matsakaitan ɗalibai wuya, domin tunaninsa yakan riga bakinsa, ya bar batu ya shiga wani. A shekarunsa na ƙarshe ya yi ta jinyar matarsa duk da cewa shi ma ba shi da lafiya. Ya rasu a Kambirij ranar 5 ga Nuwamba, 1879, yana da shekara 48, da irin ciwon da ya ɗauke mahaifiyarsa. An binne shi a ƙauyen Paton kusa da Gilenleya. Bai bar ɗa ko 'ya ba.

8.0 Abin da Ya Biyo Baya

Makswel ya rasu ba tare da ya ga an tabbatar da ra'insa ba, kuma masana da yawa sun ga littafinsa yana da wuyar bi. Cikin waɗanda suka jure karanta shi akwai Oliba Hebisaid, wani ma'aikacin talgiram ɗan Landan, mai larurar ji, wanda ya bar makaranta yana da shekara 16 ya koya wa kansa lissafi. A tsakiyar shekarun 1880 ya sake tsara ra'in, ya fitar da jimloli huɗu masu magana kai tsaye a kan fagagen lantarki da maganaɗisu. A Amurka kuma Wilad Gibs ya kawo tsarin ɗigo da giciye. Jimlolin huɗu da ake koyarwa yau da sunan Makswel, ma'anarsu tasa ce, amma siffar rubutunsu ta bi ta hannun waɗannan mutane.

A shekarun 1887 da 1888 Bajamushe Hainrik Hatz ya samar da igiyoyin lantarki da maganaɗisu a ɗakin gwaji, ya kuma nuna cewa suna da halayen haske. Daga nan rediyo ya samo asali, haka talabijin da wayar hannu. Albat Ainishtain ma daga waɗannan jimloli ya faro ra'insa na 1905.

9.0 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda yaron da malaminsa na farko ya ɗauka daƙiƙi ya zama wanda ya haɗe lantarki da maganaɗisu da haske cikin ra'i guda. An ga kuma cewa ilimin ya bi matakai uku kafin ya iso aji: Faradai ya gan shi a gwaji, Makswel ya ba shi haruffa, Hebisaid da Gibs suka sauƙaƙa rubutunsa. Mataki na huɗu yana hannun malami, wato mayar da alamomin cikin harshen da ɗalibi yake tunani da shi. Hanyar tabbatar da cewa ɗalibi ya fahimci jimla irin E = F/q ita ce a sa shi ya rufe littafi ya faɗe ta da Hausa, ya kuma ba da misali da alƙaluma nasa.

Tambayoyi

1. Kawo taƙaitaccen tarihin ƙuruciyar Makswel, tare da darasin da malami zai koya daga ciki.
2. Mene ne fage? Yi bayanin yadda Faradai ya siffanta shi.
3. Bambanta adadi mai alƙibla da marar alƙibla, ka ba da misali biyu na kowanne.
4. Me ya sa jimlolin Makswel na 1865 suka kai 20, kuma su wa suka taƙaita su?
5. Rubuta ma'anar ∇×E = −∂B/∂t cikin cikakkiyar jimlar Hausa.